Murmushin da Ya Maƙale a Hanya

La'asar ta fara sanyi, layin da ke gaban tagar ɗakin magani na asibitin ya ragu sosai. Dogo ya sunkuyo kamar yadda ya saba, don wanda ya gina tagar bai yi tunanin masu irin tsayinsa ba, ya miƙa hannu ya karɓi takardar mai bi.

Takardar na hannunsa, amma idonsa na kan mai ita.

Budurwa ce siririya, da mayafi ruwan toka da jaka a kafaɗa. Idonta na dama a buɗe tar, na hagu kuwa ta kanne shi rabi tana kallonsa.

Ya sake dubanta. Tunda ya fara aiki a tagar nan an zage shi, an gode masa, wata tsohuwa ma ta taɓa yi masa alkawarin jikarta, amma ba a taɓa kashe masa ido ba.

Ya gyara wuyan farar rigarsa ya rage murya. "Haba Hajiya, a gaban mutane?"

Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga fatar idon sama. "Malam, ba kashe maka ido nake yi ba. Gajiya ya yi. Karanta takardar."

Ya karanta. Yana ganin sunan maganin ya gane, na masu ciwon raunin tsoka ne, wanda ke sa fatar ido ta sauko da kanta. Ji ya yi kamar ya shige ƙarƙashin kanta ya zauna har a tashi aiki.

"Don Allah ki yi haƙuri. Ni ya kamata in fi kowa sani."

"Kai ne na farko da ya ba da haƙuri," ta ce. "Sauran lambar waya suke tambaya."

Yana ƙirga mata ƙwayoyin ya tsaya cak. "Tsaya. Wannan muryar na san ta. Ba ke ce mai karanta labaran safe a rediyo ba?"

"Da safe ni ce. Da yamma kuma ga abin da ya rage."

Ta karɓi maganinta ta tafi. Ranar sau biyu abokiyar aikinsa tana karɓe kwalba daga hannunsa tana mayar da ita inda ya kamata.

Da wata ya zagayo ta dawo karɓar magani, ya riga ya shirya maganarsa.

"Wanda ya ba da haƙuri, an yarda ya tambayi lambar daga baya?"

Ta daɗe tana kallonsa da idon nan ɗaya da rabi, sannan ta faɗa masa.

A gida Auta ake ce mata. Shi kuwa tun makon farko ya raɗa mata Muryata, ita kuma ta ƙi kiransa da komai sai Famasis, wato masanin magani, wai don kada ya manta aikinsa kamar ranar farko.

Akwai wani benci a bayan ɗakin magani, ƙarƙashin wata bishiya mai faɗi. Duk ranar da ta zo ganin likita, nan suke zama in ya samu hutun rana.

"Gaya min yadda kike jinsa," ya ce wata rana. "Na littafi na sani. Naki nake so in ji."

Ta jingina da bencin. "Likitana ya ce jijiya da tsoka ba sa taɓa juna, akwai ɗan rata a tsakani. In ƙwaƙwalwa tana son ido ya buɗe, sai jijiya ta aiko ɗan aike ya tsallaka ratar ya ƙwanƙwasa ƙofa. Asetilkolin ake ce wa ɗan aiken. Na fi wata ina koyon faɗin sunan."

"Kin faɗa daidai."

"To ni garkuwar jikina ce ta rikice, ta bi ƙofofin nan tana toshewa. Da safe na huta, 'yan aiken na da yawa, ko ta ina sai sun samu ƙofa. Kafin yamma sun ragu, saƙo na zuwa babu mai buɗewa. Ido ya sauko, in riƙa ganin abu biyu-biyu, murya ta koma ta hanci, tauna ta gagare ni. Ni kuwa a ciki lafiyata ƙalau, Famasis. Abin da ya fi ciwo ke nan. Ina ciki ina dariya, waje bai sani ba."

Dogo ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Babana ma haka yake."

Ta juyo.

"Mai hoto ne, ya yi shekaru da shagonsa. Yanzu ko kofi ba ya riƙewa sai ya zuba. Shi ƙwayoyin da ke samar da dofamin a ƙwaƙwalwarsa ne ke mutuwa a hankali, shi kuwa dofamin shi ke sa motsi ya tafi sumul. Hannu na rawa, ƙafa na nauyi, fuska ta daskare. Ke ƙofa aka toshe miki, shi 'yan aiken ne ke ƙarewa. Saboda shi na karanta harkar magani."

"Wa ke kula da shi?"

"Umma. Ita kaɗai ta yarda da hannunta."

Daga ranar hirarsu ta canza launi. Da safe, tana sauka daga kan labarai, saƙonsa ke fara shigowa.

"Muryata, na saurari labarai kaf ban riƙe ko ɗaya ba. A makaranta an koya mana dofamin ke sa mutum ɗokin abin da yake jira. Nawa tun asuba yake zuba, sai na ji sallamarki yake lafawa."

Ta amsa: "Famasis, a rage zuba. Dofamin ɗin nan shi ke sa mutane duba waya ba gaira ba dalili, gobe kuma ya koma kan wani sabon abu. Ni ina son abin da ya fi shi daɗewa."

Bai ɓata lokaci ba. "Akwai oksitosin, na shaƙuwa. Shi a hankali yake taruwa, kuma zama gida ɗaya na taimaka masa. Yaushe zan zo in gaida Mama?"

Mama ta karɓe shi hannu biyu. Yayan Auta, wanda shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya raka shi har bakin titi.

"Ka san abin da take fama da shi," Yaya ya ce. "Gidanku sun sani?"

"Za su sani, Yaya."

"Su sani kafin su gan ta."

Dogo ya ce to. Sau uku yana shiga ɗakin Umma da niyyar faɗa, duk sai ya tarar da ita tana goge wa Baba baki ko tana murza masa ƙafa, ya haɗiye maganar. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne ya samu yarinyar kirki, 'yar rediyo, tana son zuwa duba Baba.

"Ta zo bayan la'asar," Umma ta ce. "Da safe ba ni da lokacin kaina."

Ya so ya ce safiya ta fi, sai ya ga dole ya faɗi dalili. Ya amsa da to.

Auta ta zo da matar Yaya. Ranar an yi zafi, sun kuma daɗe a cunkoson motoci. Kafin su zauna a falo idonta ya riga ya sauko. Baba na kan kujerarsa ta kusa da taga, hannunsa na rawa a kan cinya, fuskarsa shiru kamar ba kowa a ɗakin.

Ta durƙusa ta gaishe su. Gaisuwar ta fito ta hanci, a cushe.

Umma ta kawo soyayyen nama da lemo. Auta ta ɗauki ƙaramar tsoka, ta tauna sau biyu, muƙamuƙinta ya ƙi. Ta ajiye sauran a gefen faranti.

"Ko bai yi miki ba ne?" Umma ta tambaya.

Auta ta tattara duk ƙarfinta ta yi murmushi. Leɓen sama ya ɗaga, gefen bakin kuwa ya ƙi tafiya. Abin da ya bayyana a fuskarta ya fi kama da yatsina.

Matar Yaya ta buɗe baki za ta yi bayani, Auta ta danne mata hannu. A nan ta gane ba a faɗa musu komai ba.

Suna fita Umma ta juyo kan ɗanta. "Wannan ce yarinyar kirkin? Ta kalle ni da ido ɗaya, ta yi min magana ta hanci, ta yatsina wa abincina fuska a cikin falona?"

"Umma, ba raini ba ne. Ciwo ne."

Ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, yana zaton in ta fahimta za ta sauko. Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya a hankali, "Yana warkewa?"

"Ana shawo kansa da magani."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Da raini ne da na haƙura, raini ana gyara shi," Umma ta ce. "Dube ni. Dubi hannuna. Rabona da barcin kirki tun kana makaranta. Ban taɓa yin da-na-sani a kan Babanku ba, shi ya same ni da lafiyarsa, ciwo daga baya ya zo. Amma kai ka buɗe ido ka shiga da ƙafarka? Ba da yawuna ba. Gida ɗaya majinyata biyu, wa zai ɗauki wa?"

Baba na jin su. Yatsunsa kawai ke motsi.

Bayan magariba saƙon Auta ya shigo.

"Ba ka faɗa musu ba. Ka bar ni na shiga da fuskar yamma, ba wanda ya san dalili. Kunyata kake ji?"

Ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. "Tsoro na ji, Muryata, ba kunya ba. Na yi kuskure. Ki ba ni lokaci in shawo kan Umma."

"Lokaci naka ne," ta amsa. Ba ta ƙara komai ba.

A cikin makonnin nan ne wata sabuwar fuska ta fara yawan zuwa gidan su Dogo. 'Yar ƙawar Umma ce, ma'aikaciyar banki, mai motarta, mai fara'a, ga ƙoshin lafiya kamar ba ta taɓa shan ko maganin ciwon kai ba. Umma ke kiranta, yau a kai ta kasuwa, gobe a kawo wa Baba 'ya'yan itace. In Dogo ya dawo aiki sai Umma ta tuna tana da abin yi a kicin, ta bar su a falo. Shi kuwa daga gaisuwa sai ya ce zai je masallaci.

Ranar da Auta ta zo ganin likitanta, ta yi niyyar leƙawa tagar su yi magana ido da ido, don ta gaji da fushin. Tana isowa ƙofar asibitin ta hango shi da gudu, farar rigarsa a hannu. Wata mota ta tsaya, budurwa a gaban sitiyari ta miƙo hannu ta buɗe masa ƙofa. Ya shiga ko waiwaye bai yi ba.

Ta rufe ido ɗaya ta sake dubawa. Sannan ta juya gida ba ta ga likitan ba.

"Na saba ganin abu ɗaya ya zama biyu," ta rubuta masa. "Yau na rufe ido ɗaya, ku biyun dai na gani. Allah ya sa haka ya fi alheri. Yaya zai riƙa karɓo min magani."

Ta kashe wayar. Ba ta san Baba ne ya faɗi a banɗaki ba, ƙashin ƙugunsa ya tsage, Umma ta rasa wanda za ta kira sai mai mota. Dogo ya kira har ya gaji. Ya je gidan, Mama ta fito ta ce ta kwanta, ba ta son ganin kowa. Aka kwantar da Baba a asibitin, Dogo ya koma raba kansa tsakanin taga da gadon mahaifinsa.

Abu ɗaya bai daina ba. Kowace safiya yana kunna ƙaramar rediyon da ke kan firjin magani.

Wata safiya ta yi sallama, ta fara labari na farko lafiya. A na biyu kalmomin suka fara narkewa. A na uku ta tsaya tsakiyar jimla ta ja numfashi, ta ci gaba, ta sake tsayawa. Sai aka sa kiɗa.

Dogo ya ajiye abin da ke hannunsa. Muryar yamma ce ya ji, da sassafe. Ya san abin da hakan ke nufi. In rauni ya kai maƙogwaro a lokacin da ya kamata ta fi ƙarfi, tsokar numfashi ce ke biye.

Ya tarar da ita a ɗakin hutawa na gidan rediyon, jikinta zafi rau, abokan aiki sun kewaye ta, wani na miƙa mata ruwa.

"Kada ku ba ta! Ba za ta iya haɗiyewa ba, sarƙewa za ta yi." Ya durƙusa a gabanta. "Tun yaushe zazzaɓin?"

Ta ɗaga yatsu uku da ƙyar.

"Fushin ki ajiye shi, za ki ci gaba in kin warke. Yanzu asibiti."

Likitanta ya ce da an ƙara jinkiri da sai an sa mata injin numfashi. Zazzaɓin ne ya tayar da garkuwar jikin, ta ƙara toshe ƙofofin. Aka sa mata ƙarin ruwa na musamman mai kwantar da garkuwar, aka hana ta magana sai ta huta.

Da ta fara dawowa hayyacinta, ta gan shi a kujerar gefen gado, Mama na salla a lungu. Ta jawo waya ta rubuta, tasa ta yi ƙara a aljihunsa.

"Ina mai motar?"

Ya dube ta, ya dubi wayar, shi ma ya rubuta. "Ranar Baba ne ya faɗi. Yana hawa na sama, ɗakin maza. Mai motar na faɗa mata tun tuni zuciyata na da mai ita. Ta ce dama ta lura, don ba ta taɓa ganin mai yawan zuwa masallaci irina ba."

Kafaɗunta suka girgiza. Dariya ce. Sannan hawaye suka biyo.

"Ban san Baba ya faɗi ba. Ka yafe min."

"Ni na fara ɓoye gaskiya, Muryata. Wanda aka ɓoye wa abu ɗaya dole ya zargi na biyu."

Bayan kwanaki, da hantsi, lokacin da maganin Baba ya fara aiki jikinsa ya ɗan saki, ya kira ɗansa da 'yar siririyar muryarsa.

"Yarinyar nan. An ce tana ƙasa. Kai ni."

Umma ta ce ina za shi da ƙugu a ɗaure. Baba ya kafe ta da ido har ta miƙe ta ɗauko masa hula. Dogo ya ɗora shi a keken marasa lafiya ya tura, Umma na biye a baya fuska a ɗaure.

Auta na zaune a gado, idanunta biyu a buɗe tar, don safiya ce kuma magani ya karɓe ta. Ta yi yunƙurin sauka, Baba ya ɗaga hannunsa mai rawa.

"Zauna, 'yata." Maganarsa a hankali take fita, kowa ya yi tsit don ya ji. "Ranar da kika zo gidana, na yi miki murmushi. Kin gani?"

"A'a, Baba."

"Na sani. Bai fito ba." Ya huta. "Ni naki na gani. Na yi shekaru ina ce wa mutane su yi murmushi in ɗauke su hoto. Na baki daban, na ido daban. Naki na ido ne."

Ya juya kansa a hankali wajen Umma. "Ke kin fi kowa sanin wannan fuskar. Kin taɓa cewa na raina ki?"

"Ni ba raini nake tsoro ba, ka sani," Umma ta ce.

"Na sani. Wahalar da na ba ki kike tsoro."

Umma ta kau da kai. "Ku fita, ku ba mu wuri. Kai, mayar da Babanku, iska na kaɗa shi."

Mama ma ta ɗauki buta ta fice. Umma ta zauna a bakin gadon, ta daɗe tana kallon robar ƙarin ruwan.

"Zan tambaye ki, ki faɗa min gaskiya. Za ki warke?"

"Ba gaba ɗaya ba, Umma. Yana lafawa, wasu har su yi shekaru ba su ji shi ba. Yana kuma iya tashi kamar yadda ya yi yanzu. Wannan karon laifina ne, na ji zazzaɓi na ƙi zuwa asibiti don fushi."

"Haihuwa fa?"

"Likita ya ce zan iya, in ana lura da ni."

"In ɗana ya gaji fa?"

"Zai gaji wata rana. Ni ma zan gaji da shi, Umma, ɗanki akwai ɓoye magana." Umma ta ɗan murmusa ba ta shirya ba. "Ban zo neman mai jinya ba. Ina aikina, ina shan maganina, na san jikina. Amma ba zan ce miki babu ranar da zai ɗauke ni ba, ga shi ma ya ɗauka."

Umma ta ɗora hannayenta a cinya. Auta ta dubi hannayen nan da suka bushe da wanki da murza ƙafa.

"Umma, ke wa ke kula da ke?"

Kamar an taɓa wani wuri da aka daɗe ba a taɓa ba. Umma ta buɗe baki za ta ce Allah, sai kuka ya riga maganar fita. Ta rufe fuska da mayafi ta yi mai isarta. Auta ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta dai riƙe mata hannu.

"Ba wanda ya taɓa tambayata," Umma ta ce da ta lafa. "Kowa in ya shigo, ya mai jiki, ya mai jiki."

"Ni safiya ce tawa," Auta ta ce. "Baba sai rana ta ɗaga yake sakewa. Ɗanki kuma sai yamma yake dawowa. In aka haɗa mu, kowane lokaci akwai mai ƙarfi a gidan. Ke sai ki riƙa yin barcin rana."

Umma ta yi dariya da hawaye a fuska. "Ji yarinya da tsari, kamar tana karanta jadawalin shirye-shirye."

Ba ranar ta amince ba. Amma washegari ta sauko da kofin shayi mai ɗumi, ta tsaya har Auta ta shanye a hankali, tana lura da yadda take haɗiya. Rana ta gaba ma ta sake saukowa, ta zauna hira da Mama. Ranar da aka sallami Auta, Umma ta tare ɗanta a matakala.

"Ka gaya wa kawunanka su shirya su je. Kuma daga yau in ka sake ɓoye min magana, ni da ita za mu haɗu a kanka."

Saƙonsa ya riga Auta isa gida.

"Muryata, Umma ta ce a je. Hannuna na rawa, zuciyata na gudu, bakina ya bushe. Adirenalin ne, na sani, amma sanin bai hana komai ba."

"Alhamdu lillah," ta amsa. "Zauna ka sha ruwa, Famasis, kada ka ba wani maganin da ba nasa ba."

Bayan Baba ya fara takawa da sanda aka ɗaura auren. Da safe aka yi komai, aka kuma gaya wa kowa amarya za ta huta da rana, wanda ya makara ya gaisa da ango. Abokan aikinta na rediyo suka cika gidan da surutu, na asibiti suka zo da fararen kaya kamar an tashi taro. Mai motar ma ta zo, ita ta ɗauko Baba da Umma.

Da yamma aka kawo amarya ta gaida surukanta. Umma ta kore 'yan rakiya, ta zaunar da ita kusa da ita a kan darduma, ango na tsugune a bakin ƙofa.

"Nasiha ɗaya zan yi miki, ban da wata," Umma ta ce. "In kin gaji, ki faɗa. Kada ki jira a gani a fuskarki. Ni na yi shekaru ban faɗa ba, har gajiyar ta koma faɗa, na kusa hana ɗana alherinsa. Kai ma da kai nake."

"To, Umma," suka amsa tare.

Baba ya miƙo hannunsa. Dogo ya matso ya kama, Auta ta sunkuyar da kai a gabansa. Ya ɗauki lokaci kafin maganar ta fito, ba wanda ya gaggauta shi.

"Lafiya aro ce. Na riƙe tawa, an karɓa. Abin da ba a karɓa ba, ga shi zaune." Ya nuna Umma da ido. "Allah ya ba ku irinsa. Allah ya sa ku zama sutura ga juna, ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa in ɗaya ya raunana ɗaya ya tsaya."

"Amin," Umma ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Amin. Allah ya yi muku albarka. Ku tashi ku tafi gidanku, yamma ta yi wa yarinyar nan."

Dogo ya miƙe ya ba matarsa hannu. Ta kama, ta jingina da shi ba tare da jin kunyar nauyinta ba, suka fita a hankali.